Tabon Ƙaho a Jikin Itace: Tarihin Karatun Alamar Barewa a Turai da Amurka

Wanda ya ratsa dazuzzukan gabashin Amurka a watan Oktoba, lokacin da ganyaye suka yi ja suka fara zuba, sanyi kuma ya soma shigowa, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da wani ɗan itace wanda aka saɓule wa ɓawo ta gefe guda, tun daga wajen gwiwar mutum har zuwa ƙugunsa, farin naman itacen yana ƙyalli, zare-zaren ɓawo suna reto, wasu kuma sun zube a gindi. Baƙo zai ɗauka aikin yaro ne da wuƙa; amma maharbin ƙasar sai ya durƙusa, ya auna kaurin itacen da tafin hannunsa, ya dubi iyakar inda tabon ya kai a sama, ya shafa ya ji ko da sauran danshi, ya leƙa bayan itacen ko tsinin ƙaho ya karci rassan da ke kusa, sa'an nan ya miƙe ya gaya maka cewa namijin barewa ne ya gurji wurin, ya kuma faɗi zatonsa ko riƙaƙƙe ne ko ɗan bana-bakwai, daga wace nahiya ya fito, ina kuma ya dosa. Wannan karatu da ake yi a jikin itace yana da tarihi mai tsawo, wanda ya bunƙasa a fadojin Turai, ya yi dogon suma a hayin teku, kana ya farfaɗo a hannun talakawa a zamanin kakanninmu da iyayenmu.

Wajibi ne tun da fari a san dabbar da ake magana a kanta, gama ko da yake ta yi kama da barewarmu a siffa da gudu, danginsu ba ɗaya ba ne, ba ta kuwa haɗa jini na kusa da gada ko mariya ko gwanki ba. Namun dajinmu masu ƙaho da ƙaho guda suke rayuwa tun tasowarsu har mutuwarsu, in ya karye ya karye ke nan. Ita kuwa jar barewar Turai da 'yar'uwarta mai farar wutsiya ta Amurka, namiji kaɗai ke da ƙaho a cikinsu, ƙahon kuma ƙashi ne tsantsa mai rassa, wanda yakan faɗi kowace shekara a ƙarshen sanyi, wani sabo ya tsiro a gurbinsa a lulluɓe da wata fata mai taushi cike da jijiyoyin jini. Idan rana ta fara gajarta a ƙarshen zafi, sai jinin ya yanke, fatar ta bushe ta saɓule, ƙahon ya fito a taurare, wuyan namiji ya kumbura, ya shiga gurzar itatuwa da goshinsa da gindin ƙahonsa, na Amurka kuma yakan tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin wani reshe mai sunkuyowa, ya tauna bakin reshen, ya yi fitsari a cikin tonon. A duk Afirka babu irin wannan dabba ta asali sai wata 'yar ragowa a duwatsun da ke tsakanin Aljeriya da Tunisiya, shi ya sa maharbanmu, duk da gwanintarsu ta bin sawu, ba su gāji wannan babi ba.

Larabawan dauri sun lissafa bin sawu cikin fannonin saninsu, suna kiransa ƙiyafa, Banu Mudliji kuma su ne suka yi suna da shi. Malaman usulu kuwa sun koya mana bambanci tsakanin dalilin da ke haifar da yaƙini da ƙarinar da iyakarta ta rinjayar da zato. Duk alamar daji ƙarina ce, domin abin da take faɗi shi ne dabba ta bi ta nan, ba ta faɗin inda dabbar take a yanzu. Abin da na lura da shi a cikin wannan tarihi kuwa shi ne, ba kowane maharbi ne yake buƙatar kowace ƙarina ba. Mai neman nama ko fata, sawu da makwanci da mashaya sun ishe shi, kowace barewa ta faɗo masa rabonsa ce. Ba a tsayawa auna kaurin gurzajjen itace sai fa in mutum yana da wadata da sukunin da zai ƙyale tara ya zaɓi ɗaya; saboda haka darajar wannan ilmi ta riƙa hawa da sauka tare da halin da mafarauta suke ciki, da irin dokar da ke kansu.

Mafi shahara cikin littattafan da suka fara tsara wannan fanni babi-babi shi ne Livre de chasse, wanda Gaston na Uku, basaraken Foix a kudancin Faransa, wanda ake wa laƙabi da Febus, ya fara shibtarsa a shekarar 1387, shekara huɗu kafin ajalinsa ya same shi bayan ya dawo daga farautar wata dabba. Ba da daɗewa ba Edward, basaraken York, jikan Sarki Edward na Uku, wanda ke riƙe da sarautar farauta a fadar Ingila, ya juya mafi yawansa zuwa Ingilishi tsakanin 1406 da 1413, ya ƙara wasu babuka nasa, ya sa masa suna The Master of Game, kafin a kashe shi a yaƙin Agincourt a 1415. Farautar da waɗannan littattafai suka fi girmamawa ita ce a ware namiji guda, a bi shi da karnuka da dawakai yini sukutum har ya gaji ya tsaya. Kuma abin kunya ne ƙwarai a tara manyan mutane a tayar da karnuka a kan ƙaramin namiji. Wanda ya cancanta shi ne wanda ya shiga shekararsa ta shida, ƙahonsa ya yi rassa goma. To, yaya za a san haka alhali ba a ga dabbar ba, ba a kuwa so a firgita ta kafin lokaci? Nan ne sana'ar barorin farauta ta shigo.

Tun da asussuba, raɓa ba ta bushe ba, kowane baran farauta yakan ɗauki yankin dajin da aka ba shi, yana riƙe da wani kare a igiya wanda aka hore shi ya bi ƙanshi ba tare da haushi ba. In ya ci karo da sawu, sai ya duba faɗin diddige da daƙushewar bakin kofato da tazarar taki, gama tsohon namiji sawunsa faffaɗa ne, bakin kofatonsa ya cinye saboda daɗewa, ba ya kuma watsa ƙafa barkatai irin na yara. Ya duba rassan da ƙaho ya tanƙwara a mashigar kurmi domin ya san tsayi da faɗin ƙahon. Ya duba makwanci ya ga girman wurin da ciyawa ta kwanta. Ya duba itacen da aka gurza, wanda littattafan suka keɓe masa magana ta musamman, suna karantar da cewa babban namiji babban itace yake zaɓa, wanda ba zai lanƙwashe masa ba, yana kuma kai tabo can sama, ya kakkarya rassa inda ƙarami ba ya kaiwa. Daga nan sai ya tsinci kashin dabbar ya zuba a cikin ƙahonsa na busa, ya toshe bakin da ciyawa, ya zagaye kurmin ya tabbata namijin ya shiga bai fita ba, ya karya reshe ya ajiye domin shaida, ya komo. A can kuwa an shimfiɗa tufafin ci a bakin wani rafi, ubangidan yana kalaci tare da baƙinsa, sai barori su zo ɗaya bayan ɗaya su baje kashin a kan ganye a gabansa, kowa yana kawo hujjarsa cewa nasa namijin ya fi girma, manya kuma suna jujjuya shi da yatsa suna duban kaurinsa da siffarsa kafin a yanke hukuncin wanda za a bi. Wani littafin farauta da aka buga a London a 1575 yana ɗauke da zanen wani maharbi a durƙushe yana miƙa wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya irin wannan tsaraba, ba wanda ya ga abin dariya a ciki.

Amma fa kada kyan tsarin ya mantar da mai karatu abin da ya tsaya a kansa. Barewar ba ta daɗe har ta yi rassa goma ba sai domin an tsare ta daga mayunwata da dokoki masu tsanani. Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya keɓe dazuzzuka domin farautarsa, marubutan zamaninsa kuma sun ruwaito cewa ya sa hukuncin ƙwaƙule ido a kan wanda ya kashe barewa. Sai a 1217 aka yi wata takardar alkawari wadda ta ɗauke kisa da yanke gaɓa a kan laifin naman daji, duk da haka a 1723 majalisar ƙasar ta sake mayar da satar barewa da ɓad-da-kama laifin rataya. Watau ilmin yana hannun bara, naman da ƙahon suna hannun ubangida, manomin da barewa ke cinye wa hatsi kuwa nasa kallo.

Da Turawa suka haye teku suka sauka Amurka, sai suka tarar da wata duniya dabam, inda barewa mai farar wutsiya, wadda masana suka ƙiyasta yawanta a wancan lokaci tsakanin miliyan 24 da 33, ita ce nama, ita ce tufa, ƙashinta allura, jijiyarta zare da tsirkiya, ba kuma wani sarki da ya ce tasa ce shi kaɗai. 'Yan asalin ƙasar sun san halayenta ciki da waje, sun san lokacin barbararta, suna kuma amfani da shi. Wani mai zane Bafaranshe, Jacques Le Moyne, wanda ya je Florida a 1564, ya zana mutanen Timucua sun yafa fatar barewa da kanta da ƙahonta, suna leƙe ta ramukan ido, suna raɓowa kusa da garke a bakin ruwa da bakansu a ɗane. Wanda duk ya taɓa ganin maharbinmu ya ɗaura burtu a goshi yana tafiya a sunkuye yana kwaikwayon kiwon tsuntsun, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan dabara. Samuel de Champlain kuma, wanda ya bi mutanen Huron farauta a 1615, ya ba da labarin wani shinge mai baki faɗi da ƙarshe tsukakke da suka kafa a daji, suna koro namun ciki da ihu da bugun sanduna, har suka kama 120 cikin kwana 38. Irin wannan farauta ta tanadin hunturu ce ga jama'a guda, ba ta tambayar rassa nawa ne a kan wanda ya faɗa tarko.

Sai kuma fatauci ya shigo, shi ne ya ɓata lissafin duka. Majeman Ingila suna son fatar barewa domin wanduna da safar hannu da bangon littattafai, fatake kuma suka bazu cikin ƙasashen ƙabilun Creek da Cherokee da Choctaw da Chickasaw da bindigogi da barguna da tukwanen ƙarfe da barasa, suna ba da bashi a biya da fata. Daga tashar jirgin ruwa ta Charleston kaɗai, tsakanin 1699 da 1715, ana fitar da fatu kimanin 54,000 a kowace shekara, adadin kuma ya ninka daga baya. Nauyin bashin nan da zaluncin fatake suna cikin manyan sabubban yaƙin Yamasee na 1715, wanda ya kusa tumɓuke mulkin mallakar Carolina. Maharban Turawa ma ba a bar su baya ba. Daniel Boone, wanda ya shiga Kentucky a 1769 ya yi shekara biyu yana tara fatu, har mutanen Shawnee suka ƙwace masa abin da ya tara domin ya shiga ƙasar farautarsu ba izini, gwani ne wajen bin turba zuwa wuraren lasar gishiri inda namun ke taruwa, amma fatar tsohon namiji da ta matashi duk awo ake yi musu a sikeli, ƙaho kuwa a daji ake yar da shi. A ƙarni na 19 jirgin ƙasa da taragon sanyi da bindiga mai cin harsashi da yawa suka kammala aikin: ana koro barewa cikin tafki da karnuka a buge ta daga kwalekwale, ana haska mata fitila da dare, ana bin ta a kan daskararriyar ƙanƙara inda kofatonta ke nutsewa, ana loda naman zuwa kasuwannin Chicago da New York da sansanonin masu saran katako. Ko da yake tun 1646 garin Portsmouth na Rhode Island ya kafa dokar hana farauta a wasu watanni, irin waɗannan dokoki ba su da mai tsaronsu. Kafin shekarar 1900 abin da ya rage bai wuce tsakanin 300,000 da 500,000 ba bisa ƙiyasi, jihohi irin su Indiana da Ohio da Iowa kuwa kusan an share su ƙaf.

A cikin wannan ƙunci ne, abin mamaki, alƙalami ya komo kan alamar daji. Wani alƙali na jihar Illinois, John Dean Caton, wanda ya killace barewa iri-iri a gandunsa yana nazarinsu shekara da shekaru, ya buga littafi a kan halittarsu a 1877. Bayansa kaɗan, a farkon shekarun 1880, Theodore Van Dyke ya fitar da The Still-Hunter, wanda ya karantar da farautar mutum ɗaya ba kare ba fitila, yana sanɗa yana lura da iska, yana bambance sabon sawu da tsoho, yana koyon ganin kunne ko ƙafa a cikin duhuwa maimakon jiran ganin dabba ɗungurungum. A watan Disamba na 1887 Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell da wasu masu hali suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, wadda ta yi ta yaɗa ra'ayin cewa farauta tana da ladubba, cewa kashe mace da ɗa ƙasƙanci ne, cewa mutumin kirki tsohon namiji yake nema, ya kuma ba shi damar tsira. Ba ɓoyayyen abu ba ne inda wannan ra'ayi ya samo asali, gama shi Roosevelt ɗin, yana shugaban ƙasa, shi ya rubuta muƙaddimar sabon bugun The Master of Game da aka fitar a 1904. Bambancin kawai shi ne, a Amurka an tsayar da cewa naman daji amana ce a hannun hukuma domin jama'a duka, ba mallakar mai gandu ba, don haka ladabin basarake ya zama dole a koya wa maƙeri da manomi da ma'aikacin masana'anta.

Dokoki suka biyo baya. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ta karya bayan kasuwar. Jihar Pennsylvania ta sayo barewa daga Michigan ta sake a dazuzzukanta, ta kuma hana harbin mata a 1907. Dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa aikin raya namun daji. Gonakin da aka ƙaurace wa suka koma sarƙaƙiya, dazuzzukan da aka sare suka yi toho mai taushi, manyan maƙiyan barewa masu cin nama kuma an riga an ƙarar da su, sai ta hayayyafa har yau ana lissafa ta wajen miliyan 30, wasu wurare ma ta zama annoba ga gonaki da motoci. Amma a nan akwai wata mas'ala da masu dokar ba su hango ba. Da aka ce namiji kaɗai za a harba, miliyoyin masu lasin kuma suka cika daji a mako guda na watan Nuwamba, sai ya zamana duk namijin da ƙaho ya fara tsiro masa ba ya kai labari. Galibinsu suna mutuwa suna da shekara ɗaya da rabi. Daji ya cika da barewa, amma riƙaƙƙen namiji, wanda ake so ya kai shekara huɗu da rabi ko fiye, ya zama abin da sai an tona. Ta yaya za a koyi karatun tabon manya a dajin da babu manya?

Kaɗan da suka rage sai suka zama abin labari. A ranar 20 ga Nuwamba 1914 wani saurayi, James Jordan, ya bi wani babban sawu a kan sabuwar dusar ƙanƙara kusa da layin dogo a arewa maso yammacin Wisconsin, har kukan jirgi ya tayar da namijin daga ciyawa, ya harbe shi, ya bi shi har bakin kogi. Ya ba wani mai gyaran kawunan dabbobi kan, mutumin ya ƙaura da shi, ƙahon ya ɓace fiye da shekara arba'in kafin a tsince shi a wani gwanjon tarkace a Minnesota. Da aka auna shi bisa ma'aunin da ƙungiyar Boone and Crockett ta tsayar a 1950, ya ba da inci 206 da ɗoriya, ya zama zakara a duniya, amma ba a tabbatar wa Jordan da haƙƙinsa ba sai a 1978, wata biyu bayan mutuwarsa. Wani manomi a Saskatchewan ta Kanada, Milo Hanson, shi ya karɓe kambun a 1993 da inci 213 da ɗoriya. Ni a ganina wannan ma'auni na inci ya yi amfani ya kuma yi illa, domin ya sa mutane sun koyi haƙuri da ƙananan maza, amma ya kuma mayar da wata halitta ta Allah lambar gasa, har aka samu masu kiwon barewa a shinge suna sayar da harbi.

Farfaɗowar ilmin ta zo ta ƙofa biyu a shekarun 1970. Ƙofa ta farko ta maharba ce: Larry Benoit, mutumin Vermont, wanda ya yi suna wajen ɗaukar sawun namiji guda a kan ƙanƙara ya bi shi yini ko kwanaki, ba ya kuwa kula wanda bai kai nauyin kilo 90 ba bayan an fede shi, ya buga littafinsa a 1975, ya koya wa jama'a duban faɗin sawu da zurfinsa, da jan ƙafa, da inda namiji ya kauce wa tsukakken wuri saboda faɗin ƙahonsa, masu baka kuma, waɗanda dole su kusanci dabba ƙwarai, suka fara hawa itace suna kwanto, wanda kuwa zai zauna wuri ɗaya tilas ya san wurin da ya cancanci zama. Ƙofa ta biyu ta jami'o'i ce. Tun 1949 C. W. Severinghaus na New York ya tsara yadda ake gane shekarun barewa ta cinyewar haƙora. Sa'an nan Larry Marchinton da almajiransa a Jami'ar Georgia, da John Ozoga a Michigan, suka zauna suna kallon abin da namiji ke yi da itace. Nazarinsu ya rushe wani tsohon zato wanda aka daɗe ana taƙlidi a kansa, cewa gurzar nan domin a kankare busasshiyar fatar ƙaho ake yinta. Ashe wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu. Mafi yawan tabon daga baya ake yinsu, kuma saƙo ne, gama a fatar goshin namiji akwai wuraren da ke tsattsafo da wani maiƙo mai wari, wanda ya fi ƙarfi a jikin manya, sai farin itacen ya jawo ido, warin ya sanar da sauran maza da mata ko wane ne ya wuce. Sun kuma gano cewa manya su ke fara gurza tun Satumba, su ne kuma suka fi yawan yi, matasa kuwa a makare suke farawa, kaɗan suke yi.

Daga nan ne ƙa'idodin da maharban yau ke aiki da su suka daidaita, kuma wanda ya san littafin Gaston zai ga yawancinsu tsofaffin fuskoki ne. Babban namiji yakan gurji ƙaramin itace, amma ƙarami da wuya ya tunkari mai kaurin cinyar mutum, saboda haka siririn itace ba ya tabbatar da kome, kakkaura kuwa ƙarina ce mai ƙarfi, tsayin tabo da zurfin karce da karyayyun rassa a baya suna ƙarfafa ta. Tabo ɗaya tilo ba a gina hukunci a kansa; abin nema shi ne jeri, itace bayan itace, domin gefen da aka gurza yana fuskantar inda namijin ya fito, wanda ya bi jerin kuwa zai gane turbar da ke tsakanin makwanci da makiyaya, ya kuma rarrabe ta safe da ta maraice. Akwai itatuwa, galibi masu ƙanshi, waɗanda ake komowa gare su shekara bayan shekara har tsakiyarsu ta rame, tsohon tabo baƙi, sabo fari a kansa. Tono a bakin gona yana ruɗin sababbin maharba, alhali mafi yawan ziyararsa da dare ake yi. Wanda ke can cikin duhuwa kusa da makwanci shi ne abin dogaro da rana. In barbara ta kankama a tsakiyar Nuwamba a jihohin arewa, namiji yakan watsar da turbarsa ya bi mata duk inda suka nufa, sai alamar makon jiya ta zama tsohon labari, maharbi ya koma neman inda mata suke. Duk wannan kuma ba ya amfanar wanda bai lura da iska ba.

Ilmin ya sami abin karantawa ne domin an canza niyya. Al Brothers da Murphy Ray na Texas sun buga littafi a 1975 suna kira a ƙyale ƙananan maza a rage yawan mata, a 1988 kuma Joe Hamilton ya kafa ƙungiya a South Carolina domin yaɗa wannan mazhaba. A ƙarshen shekarun 1980 wajen kashi 60 cikin 100 na mazan da ake harbewa a Amurka 'yan shekara ɗaya da rabi ne, yanzu kuwa adadin ya sauko ƙasa da kashi 30. Sai dai a daidai lokacin da manyan tabo suka yawaita a daji, sai ga wani abu ya zo yana neman ya wadatar da mutane daga karatunsu. Tun a shekarun 1890 George Shiras ya ɗana wa barewa kyamara da igiya a Michigan, mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Jikokin wannan kyamara yau ana ɗaure su a jikin itace daura da tono, suna aiko wa mai su hoton namiji da sa'a da minti a wayarsa yana kwance a ɗaki, har ya raɗa masa suna, ya ƙirga rassansa tun bai shiga daji ba. Hukumomin farauta sun saɓa a kan halaccin wannan. Jihar Arizona ta haramta amfani da irin wannan kyamara domin farauta daga ranar 1 ga Janairu 2022, bayan an yi ta kuka da cunkosonsu a bakin mashaya. Kansas ta hana su a filayen hukuma a 2023. Ƙungiyar Boone and Crockett ba ta shigar da ƙaho cikin kundinta in hoton da aka aiko nan take ne ya jagoranci maharbi zuwa ga dabbar. Galibin jihohin gabas kuwa, inda barewa mai farar wutsiya ta fi yawa, sun bar wa kowane mai gona ya ɗaura adadin da ya ga dama.